Aji Kai Tsaye, Naɗaɗɗen Darasi ko Manhajar Atisaye: Wanne Ya Dace da Abin da Kake Son Koya?

Wanda ya ƙudura koyon wani abu ta intanet a yau ba zai rasa darasi ba. Tun 2002 jami'ar MIT ta fara zuba kayan kwasa-kwasanta kyauta a shafin OpenCourseWare. Khan Academy ta biyo baya, sannan a 2012 aka buɗe shafukan kwasa-kwasan intanet na Coursera da edX. Ga YouTube, ga Zoom, ga kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da suka bazu tun ƙarshen 2022. Wahalar ta koma wajen zaɓi, kuma galibin masu zaɓen sunan jami'a suke fara dubawa, ko kyan bidiyo, ko yawan waɗanda suka yi rajista.

Tambayoyi biyu ne suka fi bambanta waɗannan hanyoyi. In ka yi kuskure, wa zai gani ya gyara maka, kuma bayan tsawon wane lokaci? In ka daina zuwa, wa zai lura? Data da caji da na'ura da takardar shaida duk suna da nauyinsu, za a zo kansu, amma da waɗannan tambayoyi biyu ya kamata a auna kowace hanya tukuna.

Naɗaɗɗen darasi

Wannan shi ne bidiyo ko sautin da malami ya naɗa ya ajiye, ka kalla lokacin da ka ga dama. Alherinsa a fili yake. Kana iya tsayar da malami, ka mai da shi baya sau goma ba tare da jin kunya ba, ka ƙara masa sauri a inda ka riga ka sani. Kana iya sauke darasi lokacin da sabis ya yi ƙarfi ka kalla ba tare da intanet ba. Mai aiki da mai hidimar gida da wanda lokacinsa ba a hannunsa yake ba, wannan ce hanyar da ta fi yi musu sauƙi.

Sai dai duk tambayoyin nan biyu amsarsu a nan ɗaya ce: babu kowa. Sakamakon haka kuwa an daɗe da ganinsa. A 2011 mutum 160,000 suka yi rajistar kwas ɗin ƙirƙirarriyar basira na jami'ar Stanford da Sebastian Thrun da Peter Norvig suka buɗe, kimanin 23,000 ne suka kai ƙarshe. Wani nazari da aka buga a mujallar Science a 2019 kan kwasa-kwasan Harvard da MIT a edX ya nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kimanin kashi 3 cikin 100 ne na masu rajista suka kammala. Cikin waɗanda suka biya don samun takardar shaida kuwa, kashi 46 ne. Kada a yi saurin cewa biyan kuɗi ne ya sa su ƙwazo. Da ma mai niyya mai ƙarfi ne ke biya. Kuma da yawa daga cikin masu rajistar kyauta leƙe kawai suka zo yi. Duk da haka, ko a cikin masu niyyar, fiye da rabi sun tsaya a hanya.

Akwai matsala ta biyu wadda ta fi ta farko ɓoyuwa. Malami gwani yana warware lissafi a bidiyo cikin sauƙi, kai kuma kana gyaɗa kai, kowane mataki ya zauna maka. Wannan jin cewa ka gane ba ya nufin za ka iya. A wani gwaji da masu bincike Roediger da Karpicke suka buga a 2006, an raba ɗalibai: wasu suka yi ta maimaita karanta wani rubutu, wasu suka karanta sau ɗaya suka yi ta ƙoƙarin rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai abin ya juye: masu gwada kansu sun tuna kashi 61, masu maimaitawa kashi 40. Kallon bidiyo sau uku ɗan'uwan maimaita karatu ne.

Saboda haka in wannan hanya ka zaɓa, ga yadda za ka toshe ɓarakarta. Ka kalli minti shida zuwa goma, ka tsayar. (Wani nazari na 2014 kan kallon bidiyo kusan miliyan 7 a edX ya gano cewa komai tsawon bidiyo, yawanci mutane ba sa wuce kimanin minti shida suna kallo.) Ka kife wayar, ka rubuta abin da aka ce da kanka, ko ka sake warware misalin daga farko. Sai bayan nan ka duba inda ka kauce. Kowace awa ta kallo tana buƙatar aƙalla awa guda ta aiki da hannu; wanda ke da awa biyar a mako, darasin awa biyu ya ishe shi. Kuma ka nemi mutum ɗaya, ko da bai san fannin ba, wanda za ka riƙa nuna wa aikin mako a wata rana tsayayya. Kwas ɗin da ba shi da atisaye da amsoshi, komai kyansa, ka ɗauke shi a matsayin ƙarin haske kawai.

Aji kai tsaye ta intanet

A nan malami da ɗalibai suna haɗuwa lokaci guda ta Zoom ko Google Meet ko makamantansu. Lokaci tsayayye ne, ana ganin wanda ya zo da wanda bai zo ba, ana tambaya a sami amsa nan take. A kan takarda ya amsa tambayoyin nan biyu.

A aikace kuwa yawan ɗalibai ne ke yanke hukunci. Aji na mutum 8 zuwa 15, malami zai iya kiran sunan kowa, ya sa shi magana, ya duba aikinsa. Aji na mutum 200 da aka kashe wa kowa makirufo, malami na magana awa biyu ba tsayawa, naɗaɗɗen darasi ne da aka cire masa maɓallin tsayarwa, ga shi kuma ya fi cin data. Kafin ka shiga irin wannan aji ka tambayi abu uku: mutum nawa ne, sau nawa ɗalibi ke miƙa aikin da mutum zai duba, kuma ana naɗar zaman don wanda sabis ya yanke masa.

Lissafin data ba wuya. Ana auna saurin intanet da bit, ana sayar da data da bait, bit takwas ke yin bait ɗaya. Megabit ɗaya a sakan yana cin megabait 450 a awa. Zoom na neman kimanin kilobit 600 a sakan don kiran bidiyo na mutum biyu, wato megabait 270 a awa a karɓa, da wani 270 a aikawa in kyamararka a kunne take. Murya kaɗai kilobit 60 zuwa 80 take nema, bai kai megabait 40 a awa ba ta kowane ɓangare. Aji na awa shida a mako da kyamara a buɗe zai iya haura gigabait 3. Da murya da takardar darasi da aka turo tun kafin zama, ba zai kai rabin gigabait ba.

Abin da ya fi lalata aji kai tsaye ba ƙarancin sauri ba ne yawanci, rawar sabis ne. Bidiyon YouTube yana tara 'yan sakanni a gaba, shi ya sa ɗan yankewa ba ya nunawa. Magana kai tsaye ba ta da wannan ajiya: abin da ya ɓace ya ɓace, sai murya ta riƙa tsinkewa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya ya wuce milisakan 150 daga mai magana zuwa mai ji; in ya yi nisa da haka sai mutane su fara yi wa juna katsalandan ba da niyya ba. Ga kuma saurin aikawa, wanda a yawancin layuka ya gaza na karɓa nesa ba kusa ba. Shi ya sa za ka ga kana jin malami tangaram, shi kuwa ba ya jin ka. Maganin farko shi ne kashe kyamararka. Na biyu, ka sa iyafis, domin in murya na fita ta lasifika tana komawa makirufo, aji duka zai cika da amsa-kuwwa. Mai shirya aji kuma ya tuna cewa Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, Google Meet na kyauta a minti 60 in an kai mutum uku, sai a tsara darasi a kan haka.

Wani abu da ya faru a Botswana lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu a 2020 ya nuna cewa ba bidiyo ne sirrin wannan hanya ba. An riƙa tura wa iyalai tambayoyin lissafi ta saƙon tes duk mako. Wasu kuma bayan saƙon ana kiran su a waya na kimanin minti 20, a bi da yaro ta cikin tambayoyin. Saƙo shi kaɗai bai nuna wani tasiri na a zo a gani ba a ƙarshe. Saƙo da kira tare sun ɗaga iya lissafin yaran. Ƙaramar waya da muryar mutum da ke jiran amsa, shi ke nan kayan aikin.

Manhajojin atisaye

Iri uku ne, kuma kuskure ne a haɗa su a kwando ɗaya.

Na farko masu taimakon hadda, irin su Anki. Suna aiki da abin da aka sani tun binciken Hermann Ebbinghaus na 1885, cewa mantuwa tana da sauri a farko sannan ta lafa. Manhajar tana dawo maka da kati, wato tambaya da amsarta, daf da lokacin da za ka manta shi: gobe, bayan kwana uku, bayan mako, a hankali har watanni. Ga kalmomin sabon harshe, sunayen sassan jiki, dokoki da ƙa'idoji, da wuya a sami abin da ya fi ta. Inda ake faɗuwa shi ne zumuɗin makon farko. Sabbin kati 20 a rana, in aka ɗore, suna kai mutum ga bitar kati kimanin 200 kullum. Wanda ya fara da 50 sai ya tsallake kwana huɗu, zai tarar da tsibin da zai sa ya goge manhajar. Fara da 10. Kuma kada ka haddace abin da ba ka gane ba tukuna.

Na biyu masu auna matakin ɗalibi su ba shi tambayar da ta dace da shi, kamar atisayen Khan Academy. Amfaninsu babba ne ga wanda aka wuce a aji, domin malami mai ɗalibai da yawa ba zai iya komawa baya shekara uku saboda mutum ɗaya ba, manhaja kuwa za ta iya. An gwada wata mai suna Mindspark a birnin Delhi na Indiya, cikin wata huɗu da rabi ɗaliban suka sami ci gaba mai yawa a lissafi da harshen Hindi. A lura dai: a cibiya aka yi, minti 45 a kan kwamfuta, minti 45 tare da mai koyarwa a ƙaramin rukuni. Akwai wanda ke lura da zuwansu.

Na uku su ne masu hira, ChatGPT da ire-irensa. Suna amsawa nan take, ba sa gajiya, suna iya sake bayani ta hanya biyar. Illarsu biyu ce. Suna iya ƙaga amsa ko sunan littafi da cikakkiyar gadara, kuma sabon shiga shi ne wanda ba shi da abin da zai gane ƙarya da shi. Ta biyun ta fi muni. A wata makarantar sakandare a Turkiyya an gwada kusan ɗalibai 1,000 a lissafi. Waɗanda aka ba manhajar a sake sun fi sauran da kashi 48 a lokacin atisaye, amma da aka janye ta ranar jarrabawa sai suka gaza waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17. Rukunin da aka ba wata da aka tsara ta riƙa ba da haske kawai, ba amsa ba, ba su sami wannan koma-baya ba. Don haka ka fara gwadawa da kanka, sannan ka nuna mata aikinka ka ce ta faɗa maka matakin da ka kauce ba tare da ta ba ka amsa ba. Ka sa ta yi maka tambayoyi. Duk wani adadi ko shekara ko ƙa'ida da ta kawo, ka tabbatar a littafin darasi.

Inda zama gaban malami bai da madadi

Walda, haɗa wuta, ɗinki, jinya, aikin ɗakin gwaje-gwaje: bidiyo zai nuna maka tsari, amma ba zai ga yadda ka riƙe kayan aiki ba, kuma kuskuren hannu in ya zauna gyaransa ya fi koyon farko wuya. Haka ƙananan yara masu koyon karatu, da duk wanda tushensa ke da rauni. Wani nazari na 2017 a wata babbar jami'a mai zaman kanta a Amurka, inda ake ba da kwas iri ɗaya a aji da kuma ta intanet, ya gano cewa masu ɗauka ta intanet sun fi samun ƙaramin maki da barin karatu, kuma abin ya fi taɓa waɗanda da ma makinsu ƙasa yake. Wanda ya fi buƙatar taimako shi ne intanet ita kaɗai ta fi bari a baya.

Gauraya aji na zahiri da karatun intanet ta fi kowanne shi kaɗai a bitar bincike da ma'aikatar ilimi ta Amurka ta fitar a 2010, ko da yake masu bitar sun ce wani ɓangare na ribar daga ƙarin lokacin karatu ne. Tsarin da ya fi tafiya shi ne a kalli bayani a gida, a zo aji a yi aiki. Yana rushewa ne in ɗalibai suka zo ba su kalla ba, malami ya koma maimaita bidiyon. Gajeriyar jarrabawa ta tambaya biyar a farkon kowane zama tana magance wannan. Tsarin ma ba sabo ba ne: Open University ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1969, da rediyo da talabijin da wasiƙa ta fara, amma ta haɗa ɗalibai da malaman da ke duba aikinsu.

Ga makaranta ko iyaye masu tunanin sayen na'urori, Peru darasi ce. An raba wa yara dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a shirin One Laptop per Child, aka bi makarantun firamare 319 na karkara. Bayan wata 15 yaran sun iya kwamfuta, amma makinsu a lissafi da harshe bai motsa ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kafin a sayi na'ura a san darasin da za a yi da ita, a wace awa, da malamin da aka horar.

In kuma intanet ce babu, ba lallai a haƙura ba. Kolibri manhaja ce kyauta da ake ɗorawa a tsohuwar kwamfuta ko ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, a sauke darussa sau ɗaya, wayoyi da kwamfutocin ɗalibai su haɗu da ita ta wifi na cikin gida, malami kuma yana ganin inda kowa ya tsaya. Kiwix tana ba da damar karanta Wikipedia ba sabis; ta Ingilishi cikakkiya da hotuna kusan gigabait 100 ce, sai a zaɓi ɓangaren da ake buƙata, kamar na likitanci.

Waya ko kwamfuta, da batun takarda

Waya ta isa ga sauraro, hadda, koyon harshe da karatun da ba mai tsawo ba, kuma cajinta ya fi daɗewa. Rubutun manhaja, lissafin tebur, zane da doguwar maƙala suna son kwamfuta, domin kana buƙatar ganin darasi da aikinka gefe da gefe. Bidiyon da malami ke magana kawai, ƙaramin ingancin hoto na 360p ya wadatar kuma yana rage data da fiye da rabi in an kwatanta da 720p. Wanda ke nuna ƙananan rubutu sai 720p, in ba haka ba haruffan za su dusashe. Babban aibin waya shi ne saƙonnin da ke shigowa a kan fuskar da kake karatu. Ka sauke darasi, ka kashe data.

Takardar shaida kuwa iri uku ce, kuma masu talla suna son a rikita su. Akwai ta kammala kwas, wadda ke nuna ka bi darussa kawai. Akwai ta ƙwarewa da ake samu bayan jarrabawar da aka sa wa ido, irin ta kamfanonin fasaha. Akwai digiri ko difloma daga makarantar da hukuma ta amince da ita. In neman aikin da ke buƙatar lasisi ne ko ƙarin karatu, ka je shafin hukumar da ke tantance makarantu ka nemi sunan makarantar da na kwas ɗin, kada ka tsaya a tambarin da suka liƙa a shafinsu. In sana'a ce da ake duba aikin hannu, kamar zane ko rubutun manhaja, ayyuka uku da ka gama suka yi aiki sun fi takardun kammalawa goma.

To, wanne?

Wanda ke da tushe a fannin, yana son ƙari, kuma ya saba zama shi kaɗai ya yi aiki, ya ɗauki naɗaɗɗen kwas mai atisaye. Sabon shiga, ko wanda ya taɓa fara kwas biyu ya watsar, ya nemi ƙaramin aji kai tsaye ko na zahiri, ko da malamin bai kai na bidiyo suna ba. Mai shirin jarrabawa ya haɗa tsofaffin tambayoyi da manhajar hadda, bidiyo kuma sai a inda ya kasa. Mai koyon harshe ya haddace kalmomi da manhaja, amma ya sami mutum da zai riƙa magana da shi ko da minti 30 sau biyu a mako. Wanda sabis ɗinsa ke rawa kada ya biya aji kai tsaye sai an tabbatar masa ana naɗa kuma ana turo takardun darasi.

Kafin ka ɗaure kanka da kwas na watanni, ka yi gwajin mako biyu. A ranar farko ka zaɓi tambayoyi goma daga abin da darussan farko suka ce za su koya maka, ka ajiye su. Ka duba ma'aunin data na wayarka kafin zama ɗaya da bayansa, ka ninka da yawan zaman kwas ɗin. Ka miƙa aiki ɗaya ka ƙirga kwanakin da gyara ya ɗauka kafin ya dawo, ka kuma duba ko an nuna maka inda ka kauce ko maki kawai aka rubuta. A rana ta 14 ka amsa tambayoyin nan goma ba littafi, ba waya. In ka ci bakwai kuma ba ka tsallake fiye da zama biyu ba, ka ci gaba. In ba haka ba, ka koma hanyar da mutum ya fi kusa da kai a cikinta, ka sake gwajin da tambayoyin da ka faɗi.